Yafiyar da Na Nema a Rumfar Sankarau

A shekarar da sankarau ya sauka a ƙasarmu, aka kafa rumfunan zana a bayan garin Makarfi, gefen hanyar Kudan, aka ce asibiti ne. Ni dai ban ga asibiti ba. Na ga dogayen rumfuna biyu, ta maza da ta mata, da tukunyar ƙarfe ta dafa allurai, da wata tsohuwar tsamiya wadda dangin majiyyata suka mayar gida. Amma tun da Likita Bature ya tsaya a gabansu da gajeren wandonsa ya ce asibiti ne, kowa ya yarda, har awakin unguwar suka riƙa leƙowa ganin likita.

Lokacin ban daɗe da gama koyon aikin jinya a Zariya ba. Mahaifina malamin elementare ne a Ikara. Shi ya dage sai na yi karatu, shi kuma ya dage sai na yi wannan aiki, mutanen gari suna ta zuwa yi masa jaje kamar an yi masa rasuwa. Ni kuwa farar riga da farar hula ne suka ja ni. Na ɗauka aikin jinya shi ne mace ta riƙa takawa a hankali tsakanin gadaje kamar balbela a fadama, ta dafa goshin wannan, ta yi wa waccan murmushi, su warke don jin kunyarta. Ba wanda ya gaya mini balbelar ce za ta riƙa kwashe amai.

Mu biyu ne a rumfar mata, ni da babbata a wurin aiki. Wata gajeriyar mace ce kakkaura daga kudancin Zariya, ta koyi aiki a hannun 'yan mishan tun ina goye a bayan uwata. Yaya nake ce mata. Hausarta ta fi tawa kaifi, musamman wajen zagi, don a kasuwa ta koye ta, ni kuwa a aji aka goge mini tawa. Ita kuma 'yar gajimare take kirana, saboda duk fitar da zan yi zubar da ruwa sai na tsaya ina duban gabas. Kowa ya san sankarau ba ya barin ƙasa sai an yi ruwan farko. Sararin shekarar nan kuwa fes yake, kamar an wanke shi da sabulu an kife.

Ciwon yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai, sai wuya ya sandare, kai ya lanƙwashe baya kamar mutum yana neman wani abu a sama. Ana kawo su a kan jakuna, wasu a kan ƙyauren ɗaki, daga Taba, daga Furana, daga rugagen Fulani da ban taɓa jin sunansu ba. Gado babu, tabarmi ne jere a ƙasa. Maganinmu wasu fararen ƙwayoyi ne da ake ba mutum a kai a kai ba fashi, wadda ba ta iya haɗiya a yi mata allura. Wadda ta daure har ƙarshe, sau da yawa takan tashi. Wadda danginta suka gaji suka mayar da ita gida a tsakiyar magani, labarinta kawai muke ji daga bakin 'yan kasuwa.

Barci a zaune muke yin sa, abinci a tsaye. Hannuwana suka tsattsage saboda ruwan maganin da muke wanke su da shi. Alluran sun dushe don yawan dafuwa, sai mu goga bakinsu a kan dutse kamar mahauta. A cikin gari kuma mun zama abin gudu. Mai furar da muke saye a wurinta takan ajiye ƙwaryar can nesa, ta turo ta da kara, ta ja da baya tana yi mana addu'a da baki a toshe. Idan iska ta juyo daga fadama, takan kawo ƙanshin ruwan rake da ake dafawa a yi mazarƙwaila, sai in tsaya da tasar fitsari a hannu ina shaƙa, ina mamakin ashe har yanzu akwai masu dafa abu mai daɗi a duniya. Likita kan zo jefi-jefi, ya zaga, ya ce mun yi ƙoƙari, ya ce ƙarin ma'aikata suna tafe, ya shiga motarsa. Yaya takan bi motar da kallo ta ce, "Suna tafe kam. A bayan kunkuru aka ɗoro su."

Duk wannan na jure. Abin da ya karya ni ƙarami ne, ba wanda ya gan shi ma. Wata yarinya sa'ata ta rasu da hantsi, lallen hannunta bai ko dushe ba. Na rufe mata ido, na ja mayafinta, sai na ji zuciyata ta ce, "Yawwa, tabarma ta samu." Akwai wata a ƙofa tana jiran wuri, gaskiya ne. Amma da na ji abin da zuciyata ta faɗa, sai na ji tsoron kaina fiye da tsoron ciwon. Ni da nake kuka in an yanka kaza.

Na sami Yaya a bakin murhu tana tsamo allurai daga tukunya. Ranar kasuwar Makarfi ce, akwai motar da ke komawa wajen Ikara bayan azahar.

"Yaya, gida zan tafi."

"Gaishe su."

"Ba dawowa zan yi ba. Na bar aikin."

Ta ɗago ta dube ni ta cikin tururi. Na shirya wa zagi, har na tanadi amsa. Sai ta ce, "Tafi mana, 'yar gajimare. Ni ma da ina da uba malami da ɗaki mai sanyi, da tuni kin nemi inda na bi. Sai dai ki cire hannuwan nan ki ajiye mini, ki tafi da sauran. Kan naki dama ba a nan yake kwana ba."

"Likita fa?"

"Bar ni da shi. In ce masa hadari ya taso ya ɗauke ki."

Daga nan malamin asibiti, mai kula da rumfar maza, ya ƙwala mata kira ta zo ta taya shi danne wani ƙato da ya rantse ba mai huda shi yana raye. Ta ɗauki tasar allurai ta tafi, ta bar ni tsaye.

To, a gidanmu ba a tafiya haka kawai. Mahaifiyata ko biki za ta je ƙauyen da ke kusa, sai ta bi ɗaki ɗaki ta nemi gafara, don ta ce ba a san inda rai zai tsaya ba. Ni kuwa matan nan na huda su da allurai marasa kaifi, na toshe wa wasu hanci don su haɗiye ƙwaya, na daka wa wasu tsawa. Na ga bai dace in sulale kamar ɓarauniya ba. Na shiga bukkarmu na sa rigata ɗaya da ta rage da haske, na gyara hula, na wanke fuska. Na ce bari su gan ni sau ɗaya yadda na so su riƙa ganina.

Na fara da tabarmar farko, ta wata tsohuwa mai daddawa daga Taba. Ta sami sauƙi sosai, har ta fara raina kunu tana tambayar tuwo. Na durƙusa a gabanta, na kama hannunta biyu, hawaye suka zo da kansu.

"Iya, don Allah ki yafe mini duk abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba."

Ta zuba mini ido. Ta dubi farar rigar, ta dubi hawayen. Sai ta lumshe ido a hankali ta ce, "Na yafe miki, 'yar nan, duniya da lahira." Sannan ta kama salati.

Na matsa gaba. Haka na bi rumfar nan kaf, tabarma bayan tabarma, ban tsallake ko waɗanda ba su san inda kansu yake ba, sai in nemi gafarar a wurin mai jinyarsu. Duk inda na baro sai kuka ya tashi. Wata ta riƙe mini riga ta ce in gaya wa 'ya'yanta su riƙe zumunci. Na ce in sha Allahu, ko da yake ban san 'ya'yanta ba. Na fito ina share ido, zuciyata fal, ina cewa ashe haka ake sona a wurin nan ban sani ba.

Abu biyu ne ban yi tunaninsu ba. Na farko, ban gaya wa ko mutum ɗaya cewa tafiya zan yi ba, don a gidanmu ba sai an faɗa ba, kowa ya ga ƙullin kaya a ƙofa. Na biyu, a wurin mai ciwo ba a zuwa neman gafara sai an ga alamar ba zai kwana ba. Kuma matan nan sun daɗe da karantar mu. Muddin Yaya tana zagin majiyyaciya, danginta sukan ci tuwonsu da kwanciyar rai. Ranar da aka tausasa wa mutum murya, ranar ake aikawa kasuwa neman farin yadi. Yau ga ma'aikaciya sukutum, cikin fararen kaya, ta bi kowa da kowa tana kuka.

Ina cikin bukka ina ƙulla kayana na ji kukan ya ƙi kwantawa, sai ma ƙaruwa yake, har maza sun shiga. Na fito na tarar da ƙarƙashin tsamiya a hargitse. Ana naɗe tabarmi, ana kife tukwane, ana ɗaura wa jakuna akumari. A cikin rumfa kuwa, Iya mai daddawa ta riga ta gama rabon gado. Akuyarta ta ba jikarta, tukwanen daddawa ta ba 'yarta. Sannan, don kada ta je gaban Ubangiji da nauyi, ta juya ga maƙwabciyarta ta Taba, wadda ke kwance a tabarmar kusa da ita, ta ce zabuwar nan mai ƙwai da ta ɓata bara, ba muzuru ba ne.

Maƙwabciyar wuyanta na nan a sandare, ba ta iya juyowa. Sai ta kafa wa rufin zana ido ta shiga zaginsa.

"Na sani! Wallahi na sani! Na ji ƙanshin miyar ta katanga, na shigo, kika ce mini kaza ce surukinki ya kawo!"

"Ki yafe, ga mu kan hanya ɗaya."

"Ki riga ni, in taho a baya in ba da shaida!"

Ana cikin haka Yaya ta dawo, hularta a karkace, alamar ƙaton ya yi gardama. Ta tsaya a bakin rumfa ta dubi gabas ta dubi yamma.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Yaya. Sallama na yi."

"Da wa?"

"Da kowa. Na nemi gafararsu."

"Ɗaya bayan ɗaya? Da wannan fuskar taki ta ta'aziyya?"

Na gyaɗa kai.

"Kin gaya musu ke ce mai tafiya?"

Na girgiza kai. Yaya ta ajiye tasar, ta zauna daɓas a ƙasa ta kama dariya har tana dukan cinya. Rabona da jin dariyarta tun kafin zafi ya shigo. Sai idonta ya kai kan jakunan, dariyar ta ɗauke kamar an hure fitila. An riga an ɗora mutum uku.

"Tashi ki kwance abin da kika ƙulla," in ji ta. "In suka fita da matan nan yau, kafin wata kasuwar an binne rabinsu."

Na ruga na tsaya a bakin hanya, inda zana ta ƙare. Ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba, amma ranar na ɗaga. Na ce su tsaya, ba wanda zai mutu, wato ban da wanda Allah ya nufa, ni ce zan tafi gida, shi ya sa na nemi gafara. Na faɗa na sake faɗa. Kuka ya fara raguwa. Daga cikin rumfa na ji Iya mai daddawa tana tambaya, "Me ta ce? Wa zai tafi?"

Jakin da ke gaba na wani dogon manomi ne daga Furana. Matarsa ce a kai, yarinya mai jego, an tallafe ta da zani, kanta ya koma baya. Kwana kaɗan da fara maganinta, ta soma gane mutane. Uwar mijin tana biye da jaririn a goye. Mutumin bai saki igiyar ba, amma ya rusuna ya gaishe ni a tsanake, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, kamar mun haɗu a wurin suna.

Sannan ya ce, "To, Malama, mun ji. Ke ce mai tafiya. Me kika gani?"

"Ban ga komai ba, Malam. Gajiya ce kawai."

"Gajiya." Ya jinjina kai. "Allah ya ba da lada. Amma ke maganin nan a hannunki yake, kin san abin da ke cikinsa, kin san abin da ke cikin rumfar nan. Kin duba kin ga gara ki koma gidan ubanki. Ita ma wannan tana da gidan uba."

Na ji waɗanda ke bayansa suna cewa haka ne, gaskiya ne. Wani ya ce dama ya faɗa, in ka ga masu wuri suna fita da kaya, ba sai an yi maka bayani ba. Ashe gyaran da na yi ya fi ɓarnar muni. Da farko sun ɗauka mutuwa ce ta zo, yanzu kuwa sun ga ma'aikatan ma gudu suke yi.

Na waiwaya wajen Yaya. Tana tsaye ta harɗe hannu. Na san za ta iya tsayawa ta zage su tas har su sauke matan don tsoronta, amma ba ta yi ba, ba ta kuma yi mini ƙarya ba. Daga wajen kasuwa na ji motar Ikara tana ta oda, tana kiran 'yan baya. Na tuna ɗakin mahaifiyata, da randa mai sanyi a bayan ƙofa, da yadda zan kwanta in miƙe ƙafa har inda ta ƙare. Na nemi wata magana mai kyau da zan faɗa, irin wadda ke zo mini a banza in ina kallon tsuntsaye, ban samu ko ɗaya ba. Matar da ke kan jaki ta buɗe ido ta dube ni a karkace, don ba ta iya duban kowa kai tsaye.

Na ce, "Na fasa."

"Har yaushe?"

"Har ta koma Furana da ƙafarta."

Ya auna ni da ido. Sai uwarsa ta matso, wata 'yar siririyar tsohuwa mai goro a kumatu, ta ce, "Bakin 'yan boko ne. Ɗazu ta ce tafiya, yanzu ta ce zama. Ina kayan nata?"

Na ce suna bukka. Ta ce a kawo. Na je na ɗauko ƙullin da kaina, zannuwana ne a ciki da mayafin salla da ɗan madubi. Ta karɓa ta jijjiga, ta kai shi gindin tsamiya, ta ajiye, ta gyara goyonta, ta zauna a kai. Sannan ta ce wa ɗanta, "Sauke ta."

Aka sauke ta, aka sauke sauran. Yaya ta saki hannuwanta ta shiga rabon aiki da baki, wannan ya kama nan, wancan ya riƙe mata kai, kai kuma ka fitar da jakinka kafin in yi masa allura. Da ta zo wucewa ta kusa da ni ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Sannu da dawowa. Ya hanya?"

A cikin rumfa Iya mai daddawa tana jirana a zaune, ta jingina da ginshiƙi.

"Zo nan, ke mai farar riga. Yafiyar nan da na ba ki, dawo mini da ita."

"Iya, ai kin ce duniya da lahira."

"Na mai mutuwa ce, ni kuwa ga ni. Akuyata tana hannun yarinyar da ba ta san akuya na cin abinci ba. Asirin da na riƙe shekara guda kin sa na zubar a banza. Da wane ido zan koma Taba?"

"Da idon da kika ci zabuwa!" in ji maƙwabciyar, tana kallon rufi.

Dole muka raba musu tabarma, ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan, suka ci gaba da aika wa juna saƙo ta bakin masu jinya. Dukansu biyu sun warke. Wasu daga cikin waɗanda na durƙusa a gabansu ranar ba su warke ba, kuma na gode Allah da na riga na nema.

Ba zan ce zuciyata ta sauya ba. Kowace safiya da niyyar tafiya nake tashi, in leƙa gindin tsamiya in ga tsohuwar Furana zaune daram a kan kayana tana tauna goro, ta ɗaga mini hannu, in koma in hura wutar allurai. In za ta zaga bayan gida sai ta ɗora ƙullin a ka ta tafi da shi. Zani ɗaya na roƙa, ta zaro ta ba ni, ta ce sauran sai ta ga hali.

Surukarta ta tashi. Kunnenta ɗaya ya tafi da ciwon, amma ta karɓi ɗanta ta goya, ta taka da ƙafarta har bakin hanya, jakin yana biye ba kowa a kansa. Na bi su a baya don in yi musu rakiya in kuma karɓi kayana. Tsohuwar ta sa mini albarka mai tsawo, ta ce Allah ya ba ni miji mai haƙuri, don zai buƙata. Sannan ta wuce ni da ƙullin a hannu, ta nufi wata tsohuwa daga Kudan wadda aka kawo 'yarta da safen nan. Ta ajiye mata shi a gaba, ta nuna ni da haɓa.

"Kin ga waccan? Hannunta da sauƙi, amma ƙafarta ba ta zama. Hau nan. Ki zauna ta gefen dama, akwai madubi a hagu."